Kwana a bakin tekun Ventura cikin mota: ina aka yarda, kuma yaya zancen karnuka?

Dan_Fagge_LA:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanyar bakin teku ta Kalifoniya. Surukina ya zo daga Kano duba jikoki, kuma tunda ya sauka daga gida sai masallaci. Na ce bari in yi hayar motar nan mai gado da kicin da ban ɗaki a ciki, wadda ake ce wa RV, mu je mu ɗan sha iska. Duk sanda na bi hanyar 101 zuwa Santa Barbara, da an wuce Ventura ina hango irin motocin sun yi dogon layi a gefen titi, ruwa na dukan duwatsu a bakin ƙofarsu. Tambayata biyu ce. Wurin na kowa ne, ka zo ka faka ka kwana? Sai kuma karnuka. Baba ba ya shiri da kare ko kaɗan, in har wani ya shinshina masa riga to tafiyar ta ƙare. Sakinsu ake yi a wurin?

Bakatsine805:
Wa alaikumus salam. Wurin da kake hangowa Rincon Parkway ne, a kan tsohuwar hanyar bakin teku, tsakanin sansanonin Faria da Hobson. Da ido za ka ɗauka gefen titi ne kawai, amma sansani ne na gundumar Ventura, an shata shi gurbi-gurbi da lamba, guda 127. Kama gurbi ake yi ta intanet a biya kafin a zo. A da wanda ya riga zuwa shi ke samu, mutane su yi ta zarya da sassafe suna gadin wanda zai tashi, yanzu an daina. Babu wuta, babu famfon da za ka jona, kuma ba a kafa tanti. Dole motarka ta zama mai ɗauke da komai nata: tankin ruwa, ban ɗaki da tankin da ƙazanta ke taruwa.

MamanIlham:
Ikon Allah. Wato a biya kuɗi a kwana a gefen kwalta, ba wuta ba ruwa? Me aka saya ke nan?

Bakatsine805:
Tekun aka saya, Maman Ilham. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofarki da ruwa. In gari ya washe kina hango tsibiran Anacapa da Santa Cruz, rana kuma a gabanki za ta faɗi.

DirebanTirela:
Malam Dan Fagge, bari in amsa maka ta farkon a matsayina na wanda rabin rayuwarsa a mota yake kwana. A ƙasar nan tsayawa daban, kwana daban. Akwai wurare da yawa a gefen hanyar da za ka faka da rana kyauta, ka ci abinci, yara su yi wasa, ba mai ce maka kanzil. Dare na yi allon da ke wurin ya fara aiki. Hatta wuraren hutawa na babbar hanya a Kalifoniya awa 8 aka ba ka, kuma hutu aka ce, ba zaman sansani ba. Ka fito da kujeru da murhu ka buɗe rumfar mota, ka fita daga matafiyi mai gyangyaɗi ka koma mai yada zango. Na taɓa ganin wani iyali a wani ƙaramin gari na bakin ruwa, wajen ƙarfe biyun dare aka ƙwanƙwasa musu gilashi da tocila, ga yara na kuka, ga takardar tara. Ba ka so a yi maka haka a gaban suruki.

Zangon_Kumasi:
Ai ana kwana a filin ajiye motoci na babban shagon Walmart kyauta, ku je can mana.

DirebanTirela:
Wannan sai manajan shagon ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba. Garuruwan bakin teku yawancinsu sun hana. Kuma wa zai ɗauko dattijo tun daga Kano ya kai shi kallon kekunan sayayya?

Anti_Fresno:
Ku bar ni da zancen kare, don nan ne nake da abin faɗa. Ƙa'idar da aka rubuta ita ce kare yana iya zama a gurbin mai shi, ɗaure da igiya, amma ba a sauka da shi kan yashi. Haka yake a sansanin Emma Wood ma da ke kusa da Ventura, duk da can na jiha ne ba na gunduma ba. A wuraren shaƙatawa na jiha igiyar ba za ta wuce ƙafa 6 ba, da dare kuma dole kare ya kwana cikin mota ko tanti. Wannan a takarda ke nan. A zahiri, da sassafe kafin jami'ai su fara zagaye za ka ga wasu sun sauko da nasu suna jefa musu ƙwallo. Ba kowa ba, amma akwai. Abin da zan gaya maka, ƙanina, shi ne gurabun a jere suke hanci da wutsiya, kuma masu irin wannan mota da yawa saboda kare ma suka saye ta, don otal na ba su wahala. Saboda haka ka sa a ranka maƙwabcinka na gaba ko na baya yana da kare. Ba zai zo ya hau Baba ba, amma Baba zai gan shi, zai ji haushinsa, kuma za a wuce da shi ta gabanku safe da yamma.

Dan_Fagge_LA:
Na gode Anti. Gani da ji ba matsala, taɓawa ce damuwar. Mutum ne mai yawan alwala, kuma kayan sallarsa ba ya wasa da su.

Almajirin_Bronx:
Malam, ba fatawa nake bayarwa ba, amma tunda Baba Bakano ne ina kyautata zaton Risala da Iziyya ya karanta. A mazhabar Imam Malik duk mai rai mai tsarki ne, har da kare, da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha a ciki, malaman Malikiyya sun ce bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya ne suka ɗauke shi najasa mai kauri. To in kare ya gogi rigarsa, sallarsa na nan a kan mazhabar da ya tashi a ciki. Ajiye kare a gida ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, wannan wata mas'ala ce daban, kuma ba ta shafe ku ba tunda ba naku ba ne.

Hajiya_Sacramento:
Almajiri, ka faɗi karatu, amma ƙyama ba ta jin Larabci. Mahaifiyata ta san duk wannan, ranar da karen maƙwabta ya lashi ƙafarta sai da ta sake wanka ta canza zani. Wanda ya girma yana ganin karnukan unguwa a bola, ga tsoron mahaukacin kare, ba a rana ɗaya za ka sa ya saki jiki ba.

Almajirin_Bronx:
Haka ne Hajiya. Na faɗa ne don kada hankalinsa ya tashi a kan sallah. Tunda an zo nan ma: daga Los Angeles zuwa can ya haura mil 48, kuna iya yin ƙasaru muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Alƙibla kuma daga Kalifoniya arewa ce ta ɗan karkata gabas, ba gabas sak ba kamar gida. A wurin nan teku za ku ba baya ku fuskanci duwatsu. Baba zai yi gardama, ka nuna masa a waya.

Damagaram_Tx:
Ni abin da ban gane ba, me ya hana kare taka yashi? Teku ce fa, ba ɗakin wani ba. A Texas akwai gaɓar da muke shiga da mota har kan yashi, kowa da karensa.

Likitan_Tsuntsaye:
Dalilai sun fi ɗaya, amma babba a gaɓar Kalifoniya wani ɗan tsuntsu ne fari-fari da toka, dangin zakaran ƙeƙuwa amma bai kai cikin tafin hannu ba sosai. Tun 1993 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ba ya sheƙa a bishiya. Ɗan rami yake yi a busasshen yashi ya zuba ƙwai, yawanci uku, launinsu sak na yashin, daga Maris zuwa Satumba, wato daidai lokacin da mutane ke cika bakin ruwa. Ba sai kare ya ci ƙwan ba. Da uwar ta hango shi, ko a ɗaure yake, sai ta tashi ta bar su, iska ta binne su ko sanyi ya kama su ko hankaka ya ɗauke. In aka yi ta korarta sau da yawa a yini, shi ke nan an yi asarar kwancin. Ban ce a Rincon ɗin kansa suke kwanci ba, don can ruwa na cinye yawancin yashin in ya cika, amma akwai su a gaɓar Ventura da Oxnard. Sauran dalilan kuma kowa ya sani: kashin kare a inda yara ke tona rami, da cizo.

Damagaram_Tx:
To, tsuntsu ya fi mutum gata ke nan.

Anti_Fresno:
Ba a hana masu kare teku gaba ɗaya ba ai. Akwai gaɓar da aka ware musu, kamar ta Huntington Beach, can sakinsu ake yi su yi ta gudu. Dan Fagge, wannan sunan ka riƙe shi don ka san inda ba za ka kai Baba ba. Sannan kare mai yi wa naƙasasshe hidima, kamar mai jan makaho, dokar tarayya ta ba shi damar shiga inda aka hana sauran. In ka ga irinsa a yashi kada ka ɗauka karya doka aka yi.

Kwamared_Oakland:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, amma abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Mota ɗaya, titi ɗaya, teku ɗaya. Wanda ya biya ta intanet ɗan yawon buɗe ido ne, wanda kuɗin haya ya kore shi daga gida yake kwana a tsohuwar motarsa mil biyu gaba mai laifi ne. Waɗannan allunan hana kwana ba don tsaro aka kafa yawancinsu ba, don kada masu gidajen miliyoyin daloli su buɗe taga su ga talaka ne. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Grants Pass a Yunin 2024, ta ce gari na iya hukunta mai kwana a waje ko da ba shi da wurin zuwa, birane suka ƙara samun ƙarfin gwiwa. Dokar gaɓar teku ta Kalifoniya ta 1976 ta ce bakin ruwa haƙƙin jama'a ne. Wace jama'a?

Bakatsine805:
Kwamared, rabin zancenka gaskiya ne, amma ka zo ka zauna a nan ka gani. Mota mai ban ɗaki tankinta cika yake yi. Wanda ya kama gurbi na ƴan kwanaki zai tashi ya je wurin juye ƙazanta ya biya ya juye. Wanda ya kafe wata da watanni a gefen hanya, motar ma ba ta tashi, ina kake jin yake kaiwa? Magudanar ruwan sama, ita kuma kai tsaye teku take zubawa. Shi ya sa ko a Rincon aka ƙayyade kwanakin da mutum zai yi, ba a barin kowa ya mayar da gurbi gidansa.

Kwamared_Oakland:
To a gina musu wurin juyewa mana. Ya fi tara arha.

Hajiya_Sacramento:
Akwai masu ƙoƙari. A Santa Barbara tun 2004 ake da shirin da ke ba masu kwana a mota filayen coci-coci da na ofisoshi su faka da dare cikin aminci, da safe su tashi. Wasu garuruwa sun kwaikwaya. Bai isa ba, amma ba a ce ba a yi komai ba.

MamanIlham:
Jama'a, bawan Allah ya tambayi inda zai kai surukinsa, kun kai mu Kotun Ƙoli.

DirebanTirela:
Gaskiyarki. Mu dawo. Dan Fagge, abin da ba a nuna maka a hoto: layin dogo yana nan tsallaken titin, dab da ku. Jirgin fasinja na Amtrak yana wucewa sau da yawa a yini, na kaya kuma ba ruwansa da dare. Bayansa ga 101 da tireloli irin tawa. Wasu ƙarar ruwa na rufe musu komai, wasu ba sa runtsawa. Na biyu, ƙofar waɗannan motoci a dama take. Ka lura da yadda ka faka, ƙofa ta kalli teku. Ɗaya gefen titi ne mai rai, motoci da masu keke na wucewa, kada yaro ya zagaya can. Lasisinka na ƙaramar mota ya isa muddin motar ba ta wuce ƙafa 40 ba, amma don Allah ɗauki ƙarama, ta ƙafa 25 ta ishe ku. Ranar farko da tuƙa babba ba a koyon ribas a gefen teku.

Uwar_Biyu_SD:
Ƙari a kan maganar yara. Tsakanin motar da yashi manyan duwatsu ne aka jibge don tare ruwa, ba kowane gurbi ne ke kusa da wurin sauka mai sauƙi ba. Dattijo da babbar riga da takalmi silifa, a kula. Kuma ku duba jadawalin cikar teku. In ta cika sosai, musamman da hunturu, feshin ruwa har da tsakuwa yana kaiwa kan motoci. Kun tuna igiyar da ta haura katanga a cikin Ventura ranar 28 ga Disamban 2023, ta kwashi masu kallo, mutum 8 suka tafi asibiti? Tekun nan ba ta da alƙawari. Ruwan kuma sanyi ƙarara ko da bazara, don daga arewa yake gangarowa.

Zangon_Kumasi:
Ni dai ku ba ni gaɓar Labadi ko Kokrobite a Ghana, ruwa mai ɗumi, ga mai gasa kifi a gefe, ba mai tambayarka lambar gurbi.

Uwar_Biyu_SD:
Allah ya kai mu hutu, Yaya. Af, na manta: in kun ga baƙin abu ya manne wa yara a tafin ƙafa, kwalta ce da ke tsatsowa daga ƙarƙashin teku a yankin, tun kafin a fara haƙar mai. Ƴan asalin wurin, Chumash, da ita suke liƙe jiragen ruwansu. Sabulu ba ya fitar da ita, man gyaɗa ko man zaitun za ku shafa ku goge.

Dan_Fagge_LA:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Yanzu wani sabon zance ya taso. Abokin aikina Ba'amurke, shi ya saba da irin tafiyar, ya ce zai kama gurbin kusa da namu ya taimaka mini da motar. Sai dai yana da kare, babba. Ya ce in za mu sauka yashi sai ya kulle shi a mota. Ya kuke gani?

Likitan_Tsuntsaye:
Ya dai yi hankali. A Kalifoniya laifi ne barin dabba a rufaffiyar mota cikin yanayin da zai cutar da ita, kuma tun 2017 doka ta ba mai wucewa kariya idan ya kira hukuma sannan ya fasa gilashi don ceto ta. Babbar mota mai tagogi a buɗe da iskar teku ba kamar ƙaramar mota a filin kasuwa ba ce, amma tunda babu wutar jonawa, na'urar sanyaya ɗaki sai da janareta, janareta kuma yana da lokacinsa. A sansanonin jiha daga 10 na safe zuwa 8 na dare ne kawai. Na gunduma ya duba nasu a takardar da za a turo masa. Sannan kare da aka bari shi kaɗai yakan yi ta haushi, maƙwabta su kai ƙara.

Anti_Fresno:
Ni a ganina wannan ya fi maka. Kare da ka san mai shi ya fi wanda ba ka sani ba. Ka gaya wa abokin naka gaskiya tun yanzu, ba kunya: dattijon nan ba ya son kare ya matso shi ko shimfiɗarsa. Yawancinsu in ka yi musu bayani a mutunce suna kiyayewa fiye da yadda kake zato. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ka yi shiru sannan ka daka wa karen tsawa ko ka ɗaga ƙafa. A wurinsu kamar ka taɓa ɗansu ne.

Hajiya_Sacramento:
Ni kuwa ban yarda ba, Anti. Baƙon kare wucewa zai yi. Na aboki kuwa tare za a zauna cin abinci, yana kwance ƙarƙashin tebur yana kallon naman Baba. Kuma Baba ba zai yi magana ba, kara zai yi, sai an dawo gida ƴarsa ta ji a jikinta. Dan Fagge, ka tambayi maiɗakinka tukuna, ita ta san mahaifinta.

Damagaram_Tx:
Ko ku bar tekun ku nufi hamada. Filayen gwamnatin tarayya ana kwana kyauta har kwana 14, maƙwabcinka na iya zama kilomita guda nesa da kai. Ba kare, ba jirgin ƙasa.

MamanIlham:
Mutum ya taso daga Kano ka ce a kai shi ya ga rairayi da rana? Haba Malam.

Bakatsine805:
Wata dabara: ku fara zuwa da rana da ƙaramar mota, ku sauka daga 101 a mahaɗar Seacliff ku bi tsohuwar hanyar a hankali har ƙarshen layin. Baba ya gani da idonsa, ya ji jirgin, ya ga karnukan a igiyoyinsu. In ya ce ya yi masa, sai ka kama gurbi. Amma kada ka ja lokaci, ƙarshen mako na bazara tun da wuri ake cinye shi, tsakiyar mako ya fi samuwa. Watannin Mayu da Yuni kuma hazo kan rufe gaɓar har azahar, Satumba da Oktoba sun fi haske. In kana son wurin da ke da ginannen ban ɗaki da famfo saboda alwala, duba Faria ko Hobson, su sansani ne sosai duk da ƙanana ne. Tankin ƙaramar mota ba ya jure alwala biyar ta mutum huɗu da wanke-wanke, sai kun riƙo jarkoki.

Kwamared_Oakland:
Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini tambayata.

DirebanTirela:
Buɗe mata zaure nata, Kwamared, za mu zo. Dan Fagge, in za ka karɓi motar ka sa su nuna maka yadda ake juye tanki da hannunsu, kada ka yarda da "ai da sauƙi". Baƙin tanki, wato na ƙazantar ban ɗaki, ake fara buɗewa, sannan na ruwan wanka ya biyo ya wanke tiyo. Ka sayi safar hannu.

Dan_Fagge_LA:
Na yi wa maiɗakina maganar kamar yadda Hajiya ta ce. Ta ce karen abokin ba zai yiwu ba, amma ita ba shi ne damuwarta ba, ban ɗakin motar ne: Baba ba zai shiga ban ɗakin da ke taku biyu da inda ƴarsa da surukinsa ke zaune ba. Malam Bakatsine, tsakanin Faria da Hobson wanne ne ban ɗakinsa ya fi kusa da guraben motoci, kuma akwai wanda ya san ko buta na shiga ƙarƙashin famfonsu?